Daga Katsina zuwa bakin teku: lissafin da ake yi kafin a ɗaure kaya

Ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya gaishe ni, ya raɓa gefen tabarma yana ta jujjuya waya a hannu. Da ƙyar ya buɗe baki ya ce, "Kawu, aiki na samu a Legas." Yaron gwanin haɗa sola ne, a nan Katsina ya koya, kuma wani kamfani ne da ke aiki wajen Lekki ya ce ya zo, a kan albashin da ya ninka abin da yake haɗawa a wata. Yana da mata da yara biyu. Mahaifiyarsa ta ce atafau ba inda za shi, matarsa ta yi gum, shi ne ya taho wurina don na taɓa yin shekara shida a Agege.

Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa. Ya ce sau biyu, ɗaya a Disamba ɗaya a Janairu. Na ce masa to Legas ɗin rani ya gani. Ta damina wani gari ce daban, kuma a cikinta zai riƙa yin fiye da rabin kowace shekara.

Mu mutanen nan kunnenmu ba ya jin kalmar ruwa da tsoro. In aka kwana ana yi, da safe gaisuwa ita ce "ya ruwa?", amsa kuma "ruwa ya yi gyara". In ya yi jinkiri mu fita filin idi roƙonsa. Tarihin Daura ma a bakin rijiya aka ɗaura shi, Kusugu, wadda maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Wanda ya tashi a haka, in ka ce masa garin da za shi ruwa ba ya yankewa, albishir zai ji. Shi ya sa gara a fara da adadi.

Birnin Katsina kan samu ruwan sama wajen milimita 600 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta ya fi kowane wata. Legas tana samun milimita 1,500 zuwa sama, damina ta fara tun Afrilu, ta ɗan ja numfashi a Agusta, ta dawo Satumba da Oktoba. Abin da ke zuba a can a watan Yuni kaɗai ya kai wajen rabin na shekarar Katsina gaba ɗaya. Fatakwal ta haura 2,000 da nisa. Kalaba kuwa tana kusan 3,000, wato ruwan shekara biyar ɗinmu a shekara guda. Yanayin saukarsa ma ba ɗaya ba ne. Namu hadari ne ya haɗo daga gabas, iska ta taso, a yi kamar da bakin ƙwarya na awa ɗaya ko biyu, gari ya washe, a fita gona. Nasu yakan fara da asuba a wuni ana yi, sama ta yi kwana uku ba a ga rana ba.

To ina ruwan nan yake zuwa? Nan ne matsalar take. Ƙasarmu rairayi ce mai ƙishi, tana shanyewa. Legas kuwa a kwance take tsakanin teku da babban tafkin da ke haɗe da shi, unguwanni da yawa 'yan mitoci kaɗan suka ɗara tekun tsawo, wasu ma fadama ce aka cike da yashi aka yi gini. In ruwan sama ya haɗu da lokacin da teku ya cika ya turo, magudanan ba su da inda za su juye, sai su dawo da shi kan titi da cikin ɗakuna. Ƙara da leda da robar da suka toshe kwatoci. Akwai kuma ambaliyar da ba ta jiran hadari: in aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke jihar Ogun, kogin Ogun kan cika ya shiga Isheri da Agiliti da Owode, can gefen Mile 12, inda 'yan'uwanmu suke da yawa. Mutum yana zaune rana tsaka ya ga ruwa yana shigo masa ta ƙarƙashin ƙofa. An ga babbar ambaliya a Yulin 2011, an ga ta 2017 da ta cinye Lekki da Victoria Island, an sake gani a farkon Yulin 2024. A watan Yunin wannan 2024 ɗin ne kuma kwalara ta ɓarke a jihar, kuma ba abin mamaki ba ne a wurin da ruwan ƙasa yake kusa, rijiya da ramin masai suna maƙwabtaka.

Kada a ce na kushe garin mutane na wanke namu. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta ci rayuka fiye da 40 a dare ɗaya, kuma duk Agusta sai ginin ƙasa ya faɗa wa wani a ƙauyukanmu. Bambancin shi ne namu bala'i ne da ke zuwa jefi-jefi, nasu kuwa abin da ake sa rai ne duk shekara, har ana gina gida da saninsa.

Yanayin can yana da alherinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Babu zafin Afrilu da Mayu irin namu da ke haura digiri 40, wanda ke sa azumi ya zama jihadi in ya faɗo a cikinsa. Babu hunturun da ke fasa leɓe da dunduniya, yara su yi ta haɓo da tari. Sanƙarau, wanda ya yi mana ɓarna a 2017 mu da Zamfara da Sakkwato, cutar busasshen zafi da ƙura ce, ba ta da ƙarfi a bakin teku. Wani abin da zai ba mutane mamaki ma shi ne zazzabin cizon sauro. Kowa zai ɗauka garin ruwa ya fi, amma binciken ƙasa na 2021 ya nuna yaran Legas ne suka fi ƙarancin ɗauke da cutar a duk Najeriya, ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali Kebbi tana da 49. Sauro yana nan, har ya fi namu naci, amma irin gini da kusancin asibiti da magani sun fi yawan ruwa tasiri.

Sai dai sauƙin zafin nan akwai yaudara a ciki. A Katsina in ka yi gumi iska ta busar da shi, jiki ya yi sanyi. Dabarar randa ke nan: ruwa ya tsattsafo ta jikin ƙasa, busasshiyar iska ta kwashe, na ciki ya yi sanyi kamar daga firij. A Legas iskar ta riga ta ƙoshi da danshi, ba ta karɓar ƙari. Randa ba ta sanyaya ruwa yadda muka sani, jiki ma haka. Digiri 32 na can yakan fi 38 na nan gallaba mutum, musamman da dare in an ɗauke wuta, ga shi ba tsakar gidan da za a shimfiɗa tabarma a kwana a waje. Shekarata ta farko, ƙurajen zafi ne suka fara yi mini maraba.

Abin da ban lura da shi ba sai da na zauna can shi ne yadda rayuwarmu gaba ɗaya take tsaye a kan bushewa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, barkono, daddawa, kilishi, garin tuwo, duk abinci ne da rana ta adana mana kyauta. Kai su can ka ajiye yadda ka saba, kafin wata ya zagayo gari ya dunƙule ya yi tsami, kilishi ya yi laushi ya fara fumfuna. Shaddar da aka ninke a akwati don Sallah sai a buɗe a tarar da ɗigo-ɗigon baƙi. Takalmin fata ya yi kore a ƙarƙashin gado. Littattafai su kumbura. Wanki ya kwana biyu a igiya, a sa shi da ɗanyen wari. Kusa da teku kuma akwai gishiri a iska, yana cin ƙarfe ba ƙaƙƙautawa, daga ƙyauren gida zuwa ƙasan mota zuwa kan batir. Ga mai sana'ar ɗan yayata wannan wuƙa ce mai baki biyu. Hasken rana a can bai kai na nan ƙarfi ba, don haka faranti ɗaya ba ya ba da abin da yake bayarwa a Katsina, kuma kaya suna saurin lalacewa. Amma hakan na nufin ana sayen kaya da yawa, ana kiran mai gyara kullum, masu iya biya kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Wannan ne ya kawo mu ga kuɗi, wanda shi ne dalilin tafiyar tun farko. Ba wanda zai yi gardamar cewa kasuwa tana can. Tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, sabuwar tashar Lekki da aka buɗe a 2023, matatar man Ɗangote da aka ƙaddamar a Mayun wannan shekarar, bankuna da masana'antu, duk a jiha guda da ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na faɗin jihar Katsina ba. Mai sana'ar hannu da ya iya aikinsa ba ya zaman jiran ciniki. Mafi ƙarancin albashi ma da aka tsayar a 2024 ya nuna tazarar: Legas da Ribas naira 85,000, Katsina 70,000. Amma duba tazarar da kyau. Naira 15,000 ce, kuma kuɗin mota na wata ɗaya a Legas zai iya lashe ta.

Haya ita ce ke karya lissafin yawancin masu zuwa. Ɗan yayata a gidan gado yake zaune, bai taɓa biyan ko sisi ba. A can kuɗin shekara ake ajiyewa gaba ɗaya kafin a ba ka makulli, sannan la'adar dillali, kuɗin takardar yarjejeniya, da wani kuɗin ajiya na ko za ka yi ɓarna. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da na shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma mai neman ɗaki ruwa a jallo ba ya kai ƙarar mai gida. Ga kuma inda maganar ruwa da ta kuɗi suke haɗuwa, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. A Legas farashin ɗaki yana bin tudu. Inda ruwa ba ya kwanciya ya fi tsada, ɗakin da baƙo zai ji araharsa ya yi murna galibi a kwari yake. Dillalai sun fi son nuna irin waɗannan a watan Janairu, lokacin da ko'ina yake a bushe. Ruwan sama ɗaya ne yake sauka a kan kowa, amma mai ƙaramin ƙarfi ne yake biyan kuɗinsa, da katifa, da buhun abinci, da takardun makaranta, da ranakun da bai fita aiki ba.

Na koya wa yaron abin da ni sai da na yi asara na koya. In ka shiga ɗaki, kada ka kalli fenti, kalli ƙasan bango daga waje, ruwa yana barin layinsa. In ka ga an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu ko uku, sai an tsallaka a shiga, ba ado ba ne. In ka ga mai shagon unguwa ya ɗora firij a kan benci, ka gane. Tambayar ma shi za ka yi wa, ko mai shayi, su ne ba su da riba a cikin hayarka. Ka ɗebo ruwan famfon gidan a kofi ka bar shi ya kwana, don a wurare da dama na yankin Lekki ruwan burtsatse ja-ja yake fitowa ko da ɗanɗanon gishiri, sai an tace ko an saya. Abin dariya, garin da ruwa ya yi wa yawa, 'yan ga-ruwa suna cin kasuwa a cikinsa kamar a Ƙofar Ƙaura, kuma yawancinsu namu ne.

Irin aikin da mutum zai yi shi ma yana canza lissafin ƙwarai. Mai albashi, ko an wuni ana ruwa, watansa zai cika. Mai tura baro, mai gyaran takalmi, mai tsire, ɗan acaba, ranar ruwa ranar asara ce, kuma ranakun suna da yawa. Acaɓar ma da ta ɗauki dubban matasanmu, gwamnatin jihar ta hana ta a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ta ƙara wasu huɗu a Satumba, ana kama babura ana murƙushewa. Wanda zai sayar da gonar gado ya sayi babur ya nufi Legas, lissafin shekara goma da suka wuce yake yi.

Sannan lokaci. Mutumin da ya saba daga Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Guga minti goma sha biyar ne, zai sha wuya kafin ya yarda cewa ana tashi ƙarfe huɗu na asuba don a isa aiki ƙarfe takwas. Jirgin ƙasan cikin gari ya rage wani abu: layin Marina zuwa Mile 2 ya fara aiki a 2023, wanda ya ratsa Agege ya biyo baya a 2024. Amma ba wanda ya kai Lekki a cikinsu. Ɗan yayata ke nan yana tsakanin zaɓi biyu: ya zauna cikin Hausawa a Agege ya ƙarar da ƙuruciyarsa a danfo, motar hayar garin, ko ya zauna kusa da aiki cikin mutanen da bai san kowa ba, a yankin da ya fi ko'ina kwanciyar ruwa.

Zaman Bahaushe a bakin teku ba sabon abu ba ne. Fataucin goro da na shanu ya kafa zango a Agege tun zamanin kakanni, ga Idi-Araba, ga Obalende, ga Mile 12 inda tumatir da albasarmu suke sauka, a Kalaba kuma ga Bogobiri. Akwai sarakunan Hausawa, akwai masallatai da Islamiyyu, akwai tuwo da fura. A Legas musamman, Musulmi suna da yawa cikin Yarabawa, kiran salla ba ya yi wa mutum nisa. Duk da haka baƙo baƙo ne. An yi rikicin Ketu a 1999, na Idi-Araba a 2002, na Mile 12 a 2016, kuma a Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, suna hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano. Ba kullum ake yi ba, shekaru suna wucewa lafiya lau, amma faɗan mutum biyu a kasuwa yana iya zama na ƙabila kafin magariba. Wannan ma'aunin kuma ya danganta da inda mutum ya fito. Wanda ya baro Batsari ko Safana ko Faskari saboda 'yan bindiga sun hana shi noma, ruwan Legas ba zai ba shi tsoro ba. Wanda yake zaune lafiya a Daura ko cikin birnin Katsina, yana da abin da zai rasa.

Fatakwal da Kalaba ba sai na daɗe a kansu ba. Ta farko akwai kuɗin mai, akwai tsada, ga baƙin toka da ya fara sauka a kan garin tun ƙarshen 2016, wanda ake dangantawa da tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya. Ta biyu ta fi natsuwa da tsafta, amma kasuwarta ba ta da zurfi, ruwanta kuma ya fi na kowa. A duka biyun Musulmi tsiraru ne, abin da ke sauƙi a Legas a can sai an nema.

Akwai wani abu da kakanninmu suka gane wanda muke mantawa. Ci-rani ba ƙaura ba ce. Mutum ya gama girbi ya tafi kudu, ya yi wata biyar ko shida yana nema, da ya ji ƙamshin damina ya juyo gida ya kama fartanya. Wato ya ci ranin bakin teku, ya ci daminar gida, ya kauce wa mafi munin kowanne. Mai ɗaukar iyali ya tare gaba ɗaya ya bar wannan dabarar, kuma nauyin ba a kansa yake fi sauka ba. Shi zai fita da asuba ya dawo bayan isha. Matar da ta saba da tsakar gida, da maƙwabta ta kan katanga, da biki da suna da gidan iyayenta a unguwa ta gaba, ita ce za ta wuni a ɗaki ɗaya da yara biyu ana ruwa, kicin da banɗaki na haɗaka da mutanen da ba ta jin yarensu. In haihuwa ta zo, wa zai dafa mata ruwan wankan jego? Yara za su samu makarantun boko masu kyau in akwai kuɗin biya, za su tashi da Yarabanci da Turancin buroka, wannan riba ce. Hausarsu kuwa sai an yi da gaske.

Sai maganar da mahaifiyarsa take nufi ba ta faɗa ba. Tsakanin Katsina da Legas ya haura kilomita 1,000, ko ta Mokwa da Jebba aka bi ko ta Abuja da Lokoja, tafiyar yini da dare ce a mota. Mu kuwa ba ma ajiye gawa. Wanda ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi. Duk wanda ya tare a bakin teku ya san a ransa cewa in ta Allah ta kasance, da wuya ya sami jana'iza, sai dai zaman makoki. Ni a Agege labarin rasuwar mahaifina ya same ni, na iso washegari da daddare. Ba albashin da ke da gurbin wannan a takardar lissafi, amma dole a sa shi.

Abin da na ce wa yaron shi ne ya karɓi aikin, don sana'arsa irin wadda ruwa ba ya hanawa ce, kuma abin da zai koya a shekara biyu a can ba zai same shi a nan ba, in ya dawo ma da shi zai ci abinci. Amma ya tafi shi kaɗai. Kada ya sayar da komai, kada ya biya hayar shekara a watan da ya sauka, ya raɓa da wani har ya ga Yuni da Yuli da idonsa, ya san titin da ke zama kogi da wanda ba ya zama. In ya kai Oktoba, ya zauna ya cire haya da mota da abinci da kuɗin zuwa gida sau biyu a shekara, ya ga abin da ya saura ya fi na Katsina da tazarar da ta kai a raba yara da kakarsu. Sannan a kawo maganar iyali, matar kuma a tambaye ta da gaske, ba a gaban surukarta ba.

Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, to Hajiya fa?" Na ce wannan ni zan je in same ta. Na je da daddare, muka daɗe, ta yi kukanta ta share. Da zan fito ta ce in gaya masa ya zo ya karɓi kuka da daddawa da yajin da za ta haɗa masa. Na ce mata, Yaya, a zuba a robobi masu murfi, kada a ƙulla a leda.